Gidan da Unguwa Ta Sani, Banki Bai Sani Ba

A Nasarawa ta Birnin Kebbi, cinikin gida ba ya jan lokaci muddin an daidaita kan farashi. Dillali ne ke kai gwauro ya kai mari tsakanin mai gida da mai saye, har a kai ga "na sallama". Daga nan sai a sa rana, galibi bayan La'asar, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai unguwa. A kira maƙwabcin gabas da na yamma, kowane ɓangare ya zo da shaidunsa, wani mai kyan rubutu ya ɗauko fallen takarda ya rubuta cewa wane ya sayar wa wane gidansa mai iyaka da gidan wane, a kan kuɗi kaza, bisa yardarsa ba tilas. Masu sa hannu su sa, masu dangwalawa su dangwala, mai unguwa ya buga hatiminsa. A ware wa dillali la'adarsa, a raba goro, liman ya yi addu'a, a shafa. Kafin kiran Magariba gida ya sauya hannu, kuma unguwa duka ta shaida.

Wannan takarda tana da nauyinta. Da irinta aka yi cinikin ɗimbin gidaje a Nasarawa da Tudun Wada da Badariya da Rafin Atiku, haka ma a Argungu. In rigima ta tashi, alƙali zai duba ta, ya kira waɗanda suka sa hannu. Amma ranar da aka ɗauke ta aka nufi banki, ko don mai gidan ya jinginar da shi ya ƙara jari, ko don wani ma'aikaci yana son sayen gidan da rance, sai a tarar zance ya sha bamban. Ma'aikacin banki zai juya takardar gaba da baya cikin ladabi, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, ina C of O? Ina izinin Gwamna? Ina taswirar safiyo?" A wannan teburin ciniki da yawa ke mutuwa.

Akan ce talauci da gudun riba ne suka hana rancen gida kama ƙasa a Arewa. Duka biyun gaskiya ne, sai dai akwai na uku da ya riga su tare hanya, shi ne takarda. Mai albashi mai tsoka bai tsallake ta ba, bankin da ba ya karɓar ruwa ma bai tsallake ta ba. Kwamitin gyaran harkar filaye da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya sha nanata cewa ƙasar da ke da rajista a Nijeriya ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba. Rancen gidaje kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar ba. Na farkon ne ya haifi na biyun.

Mafarin zancen shi ne 29 ga Maris 1978, ranar da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Dokar ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amanar jama'a. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, wanda a takardar gwamnati, wato C of O, akan yanka masa shekara 99 in gidan zama ne. A cikin birni gwamna ke bayarwa, a karkara ƙaramar hukuma. Ga mutanen Kudu wannan girgiza ce, amma Arewa ta daɗe da sanin irinsa, domin tun a 1910 Turawa suka sanya ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, gwamnatin Sardauna kuma ta sabunta tsarin da dokarta ta 1962. Tun kafin Turawa ma, a nan ƙasar Gwandu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke samun iko da fili: raya ƙasar da ba ta kowa ba, yankan da shugaba ke yi wa mutum, da makiyayar da ake killace wa jama'a. Saboda haka sa hannun hukuma a sha'anin ƙasa tsohon abu ne a kwarin Rima.

Abin da ya zame wa masu saye da bankuna ƙarfen ƙafa a dokar 1978 yana cikin sashe na 22 da na 26. Na farko ya ce wanda ke riƙe da fili a birni ba zai sayar ba, ba zai jinginar ba, ba zai miƙa wa wani ba sai da izinin gwamna. Na biyu ya ce duk cinikin da aka ƙulla ba bisa dokar ba ya ɓaci. An kuma cusa dokar cikin kundin tsarin mulki, inda take a sashe na 315 na kundin 1999, ta yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran kundin kansa.

Bankuna ba su san zafin waɗannan sassa ba sai a 1989, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Bankin Savannah da wani mai suna Ajilo. Ajilo ya jinginar da gidansa na Legas don a ba wani kamfani rance. Da bashi ya ƙi biyuwa, banki ya yi haramar sayar da gidan, sai shi Ajilo ya garzaya kotu ya ce jinginar ba ta ƙullu ba, tunda ba a nemi izinin gwamna ba. Banki ya ce ai gidan yana hannun Ajilo tun kafin 1978, ba gwamna ne ya ba shi ba. Kotu ta ce duk ɗaya ne, dokar ta hau kan tsohon gida kamar yadda ta hau kan sabo. Banki ya tashi a tutar babu. Bayan haka kotuna sun yi ta tufka da warwara kan ko ya dace wanda ya ci bashi ya fake da sakacinsa, kuma a 1995, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe, Kotun Ƙoli ta sassauta da cewa ana iya rubuta yarjejeniya a sa hannu kafin izini ya fito, sai dai cinikin ba ya kammala sai ya fito. Amma darasin ya riga ya shiga jikin bankuna. Daga Legas har Birnin Kebbi, babu lauyan banki da zai bari a saki kuɗi a kan gidan da izininsa bai tabbata ba.

Hukuncin Ajilo ya shafi Nasarawa kai tsaye. Sashe na 34 ya bar wa duk wanda ke da ginannen gida a birni kafin 1978 gidansa, ana ɗaukarsa tamkar wanda gwamna ya ba, ko da ba shi da takarda ko ɗaya. Wannan kariya ce babba ga tsofaffin gidajen gado. Amma tana tafe da sharaɗinta: in an tashi sayarwa ko jinginarwa, sai an nemi izini. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ta yi ta faɗaɗa, gonakin gefen gari suka koma filaye. Wasu gwamnati ce ta yanka, kamar rukunin gidajen Gesse, wasu kuma masu gonaki ne suka yi awon igiya suka sayar fuloti-fuloti. Gida ɗaya yana iya wucewa ta hannu huɗu ko biyar a cikin shekarun nan, kowane ciniki da takardar mai unguwarsa, ba a taɓa leƙa ma'aikatar ƙasa ba. Mai saye na shida da ya zo da rancen banki shi zai biya bashin sakacin mutum biyar.

To me lauya yake yi da kuɗin da ake ba shi? Mutane da yawa na ganin aikinsa bai wuce buga takarda da Turanci mai wuya ba. Alhali rubutun shi ne ƙarshen aikin. Farkonsa bincike ne a wurin rajistar filaye, wadda a Kebbi take hannun ma'aikatar ƙasa da hukumar KEBGIS mai adana bayanan filaye a kwamfuta. Lauya zai nemi a buɗe fayil ɗin gidan ya ga sunan wa ke ciki, ko an taɓa jinginar da shi ga wani banki, ko gwamnati ta soke takardar don aikin jama'a kamar yadda sashe na 28 ya ba ta dama, ko akwai kuɗin ƙasa na shekaru da suka taru ba a biya ba. Tsofaffin takardu na da tasu wahalar, domin wasu suna ɗauke da lambar Jihar Sakkwato, wasu ma ta Jihar Arewa maso Yamma da ta wanzu daga 1967 zuwa 1976, sai an bi sawunsu an ga yadda suka dawo rajistar Kebbi.

Bayan lauya sai safiyo. Shi ne za a gani tsugune a kusurwar katanga yana tone ƙasa da tsinke, yana neman ɗan turken simintin nan da ƙasa ta binne rabinsa. In ya same shi sai ya goge samansa da tafin hannu, ya karanta lambar da aka zana a kai, ya duba ko ta yi daidai da wadda ke jikin taswira. Sau da yawa a nan ake gano cewa katangar da aka ɗaga shekaru da suka wuce ta ci ƙafa uku na hanya, ko kuma takardar da mai sayarwa ke nunawa ta fulotin da ke maƙwabtaka ce. Wanda ya biya kuɗi kafin wannan mataki ya yi cinikin biri a sama.

Sai an gamsu da waɗannan ake rubuta yarjejeniyar sayarwa a ba da kafin alƙalami, sannan a shirya babbar takardar miƙa mallaka, wadda doka ta hana kowa rubutawa don a biya shi in ba lauya ba. Ita ake kai wa gwamna, ko kwamishinan da ya wakilta, tare da shaidar biyan haraji ta shekara uku, a ƙiyasta darajar gidan, a biya kuɗin izini da na kan sarki da na rajista. Mai sayen da ya ci rance zai bi wannan layi sau biyu, ɗaya don gidan ya koma sunansa, ɗaya don jinginar ta shiga rajista da sunan banki. Saboda gudun wannan kashe kuɗi ne wasu ke tsayawa a takardar wakilci, wadda mai sayarwa ke ba mai saye ikon yin yadda ya so da gidan. Dabara ce mai haɗari, domin Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara a 1993 cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallaka. Ita kanta C of O ɗin da ake wa kallon ƙarshen magana tana da iyaka: a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990, kotun ta ce in mutum ba shi da haƙƙi a kan fili tun asali, takardar gwamna ba za ta ƙirƙira masa shi ba.

Wannan hukunci na ƙarshe shi ke nuna inda masu raina takardar mai unguwa suke kuskure. Akwai abin da rajista ba ta gani, unguwa ce kaɗai ta san shi, kuma mafi girmansa gado. Gidan da ake tallarsa a Nasarawa ko a tsohon garin Argungu sau da yawa na marigayi ne, babban ɗa ne ke gaba a ciniki, makullai na hannunsa, har takardar ma tana hannunsa. Fayil ɗin gwamnati ba zai faɗa wa lauya cewa akwai 'ya mace da ke aure a Kamba ba, ko ɗa da ya daɗe a Yamai, ko matar marigayi da ba a fitar mata da tumuninta ba, ko marayun da rabonsu ba ya sayuwa sai da sanin alƙali. Mai unguwa ya san su, limamin da ya yi wa marigayin salla ya san su, tsohuwar da ke gidan da ke kallon nasu ta fi kowa saninsu.

Fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na Kebbi ke aiki da shi ya tanadi abubuwa biyu da duk mai sayen gidan gado ya kamata ya sani. Na ɗaya shuf'a: in magaji ya sayar da kasonsa a gidan da ba a riga an raba ba, abokin tarayyarsa na da ikon mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi kason. Wanda yake gari ya kuma san da cinikin, damarsa na faɗuwa bayan kimanin shekara guda, amma wanda ya yi tafiya tasa na nan har ya dawo. Maƙwabci dai ba shi da wannan iko a mazhabar. Na biyu hauzi: wanda ya zauna a gida shekara 10 yana gini yana gyara, mai da'awa yana gani bai tanka ba kuma ba shi da uzuri, ba a sauraron ƙararsa daga baya, tsakanin dangi kuwa wa'adin kan kai shekara 40. Hauzi kan ceci mutum a gaban alƙali, amma ba ya buɗe masa ƙofar banki. Abin da banki ke nema a gidan gado shi ne takardar rabon gado daga kotu, ko takardar ikon kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, da sa hannun kowane magaji. Lauyan kirki a Birnin Kebbi ba ya tsayawa a ofis. Yakan je ya gaida mai unguwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, marigayin nan 'ya'ya nawa ya bari?" Amsar wannan tambaya ta sha hana mutane asarar miliyoyi.

In gida ya tsallake, saura mai sayen. Banki zai so ganin takardar ɗaukarsa aiki da ta tabbatar da shi, takardun albashi na watannin baya, yadda kuɗi ke shiga da fita a asusunsa, da lambobinsa na BVN da NIN. Zai tambayi kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi, inda tsohon rancen da aka manta da shi kan fito fili. Zai aiko da mai ƙiyasta darajar gida, wanda ke rubuta farashi biyu, na kasuwa da na gwanjo, kuma na gwanjon banki ya fi kallo. Zai nemi shaidar cewa hukumar raya birane ta jiha, KUDA, ta amince da zanen ginin. Zai sharɗanta inshorar gobara da ta rai, ko takaful ga wanda ya fi natsuwa da shi. Ginin laka, komai kaurin katangarsa da sanyin ɗakunansa a watan Afrilu, ba ya samun daraja a wannan ma'auni.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 a ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Bankin ya samo asali tun 1956, ya ɗauki sunansa na yanzu a 1977. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata, wanda ya yi wata shida yana zubi kuma ya cancanci neman rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekaru har 30. An daɗe iyakar rancen tana Naira miliyan 15, daga baya aka ɗaga zuwa miliyan 50. A 2018 an sauke wa mai neman miliyan 5 zuwa ƙasa nauyin kawo nasa kason na kuɗin gidan, wanda ya haura haka zuwa miliyan 15 kuma ya kawo kashi 10 cikin 100. Akan nemi rancen ta hannun ƙananan bankunan lamunin gidaje masu lasisin Babban Banki, kuma Kebbi na da irinsu nata, Kebbi State Home Savings and Loans. Tun Satumba 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta yarda mai asusun fansho da ya yi wata 60 yana zubi ya ciri har kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara don biyan nasa kason, abin da zai amfani ma'aikatan tarayya irin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Waziri Umaru.

A takarda abin gwanin sha'awa. Sai an ɗauki alƙalami ake ganin ƙuncinsa. Ƙa'idar ita ce abin da za a riƙa cirewa kada ya wuce sulusin albashi. Rancen miliyan 15 a kan kashi 6 na shekara 30 yana cin kusan Naira 90,000 a wata, ke nan sai mai ɗaukar Naira 270,000. Mafi ƙarancin albashin da Gwamna Nasir Idris ya amince da shi a 2024 Naira 75,000 ne. Sulusinsa 25,000, wanda ba zai ɗauki rancen da ya wuce miliyan 4 da 'yan kai ba. Shekaru ma na da tasu rawar, tunda dole a gama biya kafin ritaya. Mai shekara 45 da ya rage masa 15 a aiki zai biya sama da Naira 42,000 a wata kan miliyan 5, inda matashi mai shekara 30 zai biya kusan 30,000. Bankunan kasuwanci kuwa ba a ma maganarsu. Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamba 2024. Ko an yi wa mutum sauƙi an ba shi miliyan 15 a kan kashi 25 na shekara 10, zai riƙa biyan fiye da Naira 340,000 kowane wata.

Kuma duk wannan lissafi na mai albashi ne. Kuɗin kwarin Rima ba a ofis yake ba, yana fadama. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, aka kuma buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017 ban da ta Labana da ke babban birnin, manoma da 'yan kasuwar shinkafa da yawa sun samu abin hannu. Irin waɗannan mutane kuɗinsu na zuwa ne sau ɗaya ko biyu a shekara, bayan girbi, ba su da takardar albashi, tsarin biya wata-wata kuma bai san da su ba. Shi ya sa suke gini yadda iyayensu suka yi: bana fili, baɗi harsashi, in shinkafa ta yi kyau a kai linta, a rufa ɗaki biyu a tare, sauran ya jira wata kakar.

Batun riba kuwa ba a wasa da shi a jihar da ta koma aiki da shari'ar Musulunci tun 2000. Akwai ma'aikatan da ake cire wa kuɗin asusun gidaje shekara da shekaru amma ba su taɓa neman rancen ba, saboda kashi 6 ɗin nan ruwa ne a wurinsu komai ƙanƙantarsa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa sun buɗe wata ƙofa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Suna sayen gidan su ba mutum haya yana biya har ya zama nasa, ko su saya su sayar masa da ribar da aka yanke tun farko, ko su yi tarayya da shi yana sayen kasonsu sannu a hankali. Wannan ya warware matsalar zuciya, amma ya ƙara ɗaure ta takarda, domin bankin da zai sayi gida da kansa ya fi mai ba da rance tsananta bincike. Mai takardar mai unguwa zai ji a can irin tambayoyin da ya ji a wancan banki.

Ruwan Gulbi ma ya shiga lissafi. Ambaliyar Satumba 2010 da ta biyo kogin Rima, da ta 2012, da ta 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a faɗin jihar, sun koya wa masu ƙiyasi da kamfanonin inshora kallon tudu da kwari kafin kallon fenti. Fulotin da ke gangaren fadama a Argungu ko bakin kwazazzabo a Birnin Kebbi yakan yi araha da rani. Mai saye ya je ya gan shi a watan Agusta, ya tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a shekarar babbar ambaliya.

Wani zai ce bankuna sun cika tsoro. Akwai dalili. A al'adar jingina ta gargajiya, mai ba da kuɗi ke karɓar gona ya noma har a dawo masa da kuɗinsa. A ta banki, mai gida na zaune cikin gidansa, takarda kawai banki ya riƙe. In biya ya tsaya, tsohuwar dokar Ingila ta 1881 da har yanzu yawancin jihohin Arewa ke dogaro da ita a wannan fanni ta ba banki ikon sayarwa bayan sanarwar wata uku, ko in kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba. Amma a aikace ƙara kan shekara da shekaru a kotu, kuma ko an yi nasara, samun wanda zai sayi gidan maƙwabcinsa a gwanjo, a fitar da mata da yara yana kallo, ba abu ne mai sauƙi ba a gari irin Birnin Kebbi inda kowa ya san kowa. Bankin da ya san fita za ta yi masa wuya dole ya tsaurara shiga.

Duk da haka, mafi yawan gyaran yana hannun gwamnatin jiha, ba sai an taɓa kundin tsarin mulki ba. Gwamna ke da ikon izini, shi kuma ke iya wakilta shi, ya yanke masa kuɗi ƙayyadadde da kowa zai gani a rubuce, ya sa masa wa'adin kwanaki. Kuɗin da ake yankewa bisa darajar gida yana kore mutane daga rajista, ya kuma koya wa masu zuwa rage farashi a takarda, gwamnati ta yi asara ta fuska biyu. Jiran kowane mai gida ya kawo kansa ma'aikata kuwa an gwada shi tun 1978, sakamakonsa shi ne kashi 3 ɗin nan. Kwamitin gyaran harkar filayen nan ya gwada wata hanya a Kano da Ondo, inda ma'aikata ke bin unguwa gida-gida, a auna, a tara maƙwabta su tabbatar da iyaka, a kafe sunaye a bainar jama'a don mai ƙorafi ya fito, sannan a ba da takarda da kuɗi kaɗan. Kebbi na da abin da wannan aiki ke buƙata: masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, da uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni da suka san tarihin kowane gida. Takardun da suka yi shekaru suna buga wa hatimi su ne ya kamata su zama matakin farko na rajista, a maimakon a riƙa mayar da masu su gida. Mazaɓun Nasarawa ta ɗaya da ta biyu, da suke tsakiyar babban birnin jihar, sun isa wurin farawa.

Kafin a kai ga haka, mai niyyar sayen gida a Birnin Kebbi ko Argungu ya riƙe kuɗinsa har lauya ya dawo daga rajista, safiyo ya karanta turaku, mai unguwa kuma ya lissafa masa magada ɗaya bayan ɗaya. In da banki zai saya, ya kai musu kwafin takardun gidan su duba tun kafin ya ba da kafin alƙalami, ya kuma sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a mayar masa da kuɗinsa in izinin Gwamna bai fito ba.